Daga Bodo zuwa Tromso ta jirgin ruwa a watan Janairu: ina neman shawara

Malamin Kifi, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da kiwon kifi nan Sakkwato, kuma Allah Ya nufe ni da tafiya horo ƙasar Norwe farkon Janairu. Zan fara da Bodo, in ƙarasa Tromso. Mai masaukina ya ce in bar jirgin sama in bi jirgin ruwan Hurtigruten, don in ga gaɓar da suke kamun kifi da idona. Raina na so ƙwarai, amma iyakata da ruwa kwalekwalen Gulbin Rima. Tekun ba ya daskarewa? Babban abin da ya tsaya min a rai kuma shi ne salla, tunda an ce rana ba ta fitowa sam a lokacin.

Ɗan Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi karatu a Bodo, kuma shawarata ka hau. Wannan layi tun 1893 yake aiki, yanzu yana bi daga Bergen har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, yana tsayawa tashoshi 34. Ba na 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ne, mutanen ƙauyukan gaɓa da shi suke zirga-zirga, da kayansu da motocinsu. Ruwan ba ya daskarewa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atilantika yana bin gaɓar.

Za ku tashi Bodo wajen la'asar, ku isa Tromso washegari bayan azahar. Inda za ka ji jiki shi ne tsallaka mashigin tekun Vestfjorden zuwa tsibiran Lofoten, kamar awa huɗu a buɗaɗɗen teku. In akwai iska jirgi yana tangaɗi sosai. Ka sha maganin amai tun kafin a tashi, kada ka cika ciki, ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi can ƙasa. Bayan nan galibi tsakanin tsibirai ake bi, ruwa a kwance. In guguwa ta yi ƙarfi sukan tsallake wata tasha ko su yi jinkiri, don haka kada ka sa muhimmin zama a ranar isarka.

Hajiya ta Arkilla:
Malam, ɗana yana can. Ya ce ba awon sanyin ke wahalarwa ba, iskar teku ce mai ratsa ƙashi, ɗarin hunturunmu ko kusa bai kai ba. Ka sa ulu a jikin fata, ba auduga ba, ka ɗora mai kauri, sannan rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, da ƙarafan da ake maƙalawa a ƙasan takalmi, don tashoshin santsin ƙanƙara ne. Abinci kuwa ka riƙe kifi, ka tambaya kafin ka taɓa nama.

Ɗan Gidan Igwai:
Batun salla, Malam: a Tromso rana takan ɓuya daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Amma ba baƙin dare ne dunɗum ba. Wajen tsakar rana akan sami 'yan sa'o'i na wani haske shuɗi-shuɗi, duwatsu fari fat da dusar ƙanƙara, ka fita saman jirgi a lokacin ko da minti goma ne. Musulmin garin suna da masallacin Alnor, kuma a irin waɗannan watanni da yawansu lokutan Makka suke bi. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru da jam'i. Alƙibla kudu maso gabas take, ka duba ta a waya dab da kabbara domin jirgi yana yawan juyawa.

Malamin Kifi, Mabera:
Allah Shi saka muku da alheri, hankalina ya kwanta. Zan kai wa malaminmu maganar lokutan Makka bayan magariba in ji ta bakinsa. Hajiya, ƙarafan takalmin nan a Bodo zan saya, ko ana sayar da su cikin jirgin?