Ina zan samu jadawalin tashoshin gajeren zango?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Na gaji rediyon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tun muna yara da ita yake kama BBC Hausa bayan asuba, har yanzu tabon yatsansa na nan jikin abin murɗawar. Na kai ta Sabon Gari an gyara amma in na murɗa sai shuuu kawai nake ji, dan Allah a intanet ina ake ganin mitocin?

Baba na Gwale:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Shiga short-wave.info ka zaɓi harshen Hausa, zai nuna maka tasha da mita da lokaci. Amma ka kula lokacin UTC, wato agogon GMT, suke sawa, sai ka ƙara awa 1 ya zama namu, kuma jadawalin na canzawa ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, shi ya sa tasha ke ɓace wa mutum ya ɗauka rediyonsa ce ta lalace. Da rana nemi mita 19 ko 16, da dare sauko 31 ko 49.

Auta:
Yaya wannan shuuu ɗin wallahi yawanci inbata ce da cajar waya da ƙwan sola, ni sai da na fita tsakar gida na ɗaura doguwar waya jikin eriya sannan DW ta fito tar. Ka gwada WebSDR na jami'ar Twente a Holan, wato rediyon gajeren zango da ake saurare ta intanet, ta waya ma kana murɗawa.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba, na gode Auta. Yau bayan isha'i zan kashe inbatar in gwada 31 ɗin.