Wa ya tsare Damagaram, maƙeri ko magini?

Ɗan Maƙera: Ƴan unguwannin Birni da Zango, ga baiti, mai ƙarfi ya ɗauka.

Sarki Tanimu da ya so igwa a Birni,
Wa zai kira in ba maƙera?
Sarkin Maƙera ya amso aiki a fada,
Kowace maƙera wuta ta hura.
Wannan mashi, wancan linzami,
Barno ta ji, Kano ta saurara.

Jikan Magina:
Igwa ta yi ƙara sai ta yi shiru,
Garu ke kwana a tsaye.
Tubali kan tubali muka ɗora,
Ku kuna inuwarsa a ɓoye.

Ɗan Maƙera:
Da farce ka haƙo ƙasar ginin?
Dagin hannunka wa ya ƙera?
Ina garun yau, ɗan magina?
Zamani ya cinye shi kakaf sai guntu ya saura.

Hajiya ta Zango: Kai, madalla! Wuta ba ta cin ɗanta. Magini, koma kwaɓa!

Malam Mai Aruli: Hajiya, ki daina zuga shi. Ɗangon ƙarshe ya yi tsawo, ƙafar waƙa ta karye. Kuma Tanimu ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, garu da igwa duk zamaninsa ne.

Ɗan Maƙera: Malam, ni da bugun masaba nake awo.

Malam Mai Aruli: To masabar ta zame.

Majemi: Na makara, hannuna na cikin ruwan bagaruwa.

Barde ba garkuwa gawa ne,
Kube da sirdi duk sai fata.
Ku je Majema ku ga aiki,
Can muke kankare gashinta.

Jikan Magina:
Mun san ka iso tun kafin baiti,
Iska ce ta kawo labari.

Majemi: Ba ƙafiya, sai tsiya.

Bakanon Kurmi:
Ina igwar take ran Tirmini,
Da Faransa ta zo da mayaƙa?

Hajiya ta Zango: Ji baƙo! Mu 1899, ku 1903 Ingila ta fasa Kano, shekara huɗu ce abin gori? Tambayi kakanka labarin Kuran Daga, sarkinmu da ya kai wa Kano yaƙi.

Malam Mai Aruli: Hajiya, amsa a waƙe ake yi.

Hajiya ta Zango: Kai da ke ta ƙirga ƙafafun mutane, Malam, ina baitinka?

Malam Mai Aruli: Sai bayan la'asar.