Fuskar Gida da Fuskar Waya

Malam Na-Fagge:
Salamu alaikum. Yau ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ya". Wanda ya karya, shi zai buɗe ta mako mai zuwa.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da ya shimfiɗa duniya.

Akwai wani yaro a cikin ajina,
In an kira shi sai ya sunkuya.

Ko "na'am" sai ka kasa kunne,
Muryar ba ta fita don kunya.

Sai aka nuna mini TikTok ɗinsa,
Ga tabarau, ga hula, ga kwalliya.

Ya raɗa wa kansa Sarkin Gayu,
Yana zuba zance babu gajiya.

Motar da ya jingina ba tasu ba ce,
Ta maƙwabci ce a bakin hanya.

To ku raba mini gardama, jama'a,
Wanne ne shi, wanne ne ƙarya?

Gwaggo ta Damagaram:
Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
'Yar ƙanena ta bar ni da tambaya.

Hotonta na gani a Snapchat,
Na ce, wai wace ce wannan ɗiya?

Filta ta goge ƙurajen fuska,
Ta siranta hanci, ta ja wuya.

Yanzu madubi take gudu a ɗaki,
Wai ya cika faɗin gaskiya.

Kayan aro ba ya rufe katara,
Haka muka ji tun can baya.

Ɗan Samaru:
Gwaggo, zancenki ba zato ba ne,
Kamfanin Facebook ma ya san da wannan wuya.

A 2021 takardu suka fito,
Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyarsu, ta fasa ajiya.

Binciken Facebook na cikin gida
Kan Instagram ya daina ɓuya.

Ya nuna wasu 'yan mata matasa
Na ƙara ƙin jikinsu saboda waya.

Sai 2024 aka killace asusun yara,
Sassauta shi sai izinin baba ko iya.

Shekara uku ke nan tsakani,
Su kuwa talla ba ta tsaya.

Autar Zaure:
Malam, Gwaggo, ku gafarce ni,
Zan ce nawa, ba don jayayya.

A gida in manya suna hira,
Nawa shara ne da wanke tukunya.

Ranar da na ce "ni a ganina",
Aka ce yarinya ba ki da kunya.

A waya na fara rubuta baiti,
Can aka fara ce mini "kin iya".

Asusu biyu gare ni, ban musa ba,
Na dangi, mai addu'ar safiya.

Na biyun ƙawayena ne kaɗai,
Can nake kuka, can nake dariya.

Kar ku ce ɗayan ce ta gaske,
Duka ni ce, kuma zuciyar ɗaya.

Filta kam, Gwaggo, ina sawa,
In babu ita laik ɗin sai ya ja baya.

Ranar da hoto bai samu jama'a ba,
Nakan goge shi kafin safiya.

Yaron ajinku kuwa, Malam,
Shirun nan tsoro ne, ba tarbiyya.

Gwaggo ta Damagaram:
Auta, kunya ado ce ga mace,
Kar ki mai da ita abin ƙiyayya.

Amma goge hoton nan ya dame ni,
Wa ya ba baƙi wannan sarautar, ɗiya?

Yaya na Jos:
Auta ta kama mu, mu yarda,
Mu ma manya mun san hanya.

Wa ya taɓa ɗora hoton ranar babu?
Status ɗinmu sai biki da gayya.

Zamanin manhajar hira ta 2go mu ma mun taɓa,
Sunan bogi da shekarun ƙarya.

Sai dai namu ya tafi da Nokia,
Naku yana nan, ba ya tafiya.

Rawar da kika taka kina sha huɗu,
Wani ya sauke, ya yi mata ajiya.

Ranar da aka zo binciken aure,
Ita za a tono daga baya.

Wannan nake ji miki, ƙanwata,
Ba filta ba, ba kwalliya.

Malam Na-Fagge:
Auta, kin harbe ni da nawa amsa-amon,
Na ji, ban ce na yarda ba gaba ɗaya.

A Disamban 2025 doka ta fara aiki
Can a ƙasar Ostiraliya.

Yaron da bai kai shekara sha shida ba ba shi da asusu,
Tara a kan kamfani, ba kan iya.

Ko mu ma mu roƙi majalisa
Ta yi mana irinta a Najeriya?

Autar Zaure:
Malam, ƙa'idar shekara sha uku tana nan,
Facebook ya rubuta ta tun can baya.

Ƙanena ɗan sha ɗaya ya buɗe nasa
Da wayar Inna, tana can tana suya.

Shekarar haihuwa ya sa 1990,
A can, Malam, ya girmi Yaya.