Yaya ake jawo tsuntsun hamingbad cikin lambu a kuma same shi a hoto?

Mai_Lambun_Tsauni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Lambun furanni ne a kan tsauni a Kosta Rika, nesa da gari, babu wutar lantarki balle firji. Hamingbad, ƙananan tsuntsayen nan masu shan zaƙin fure, suna leƙowa jefi-jefi amma ba sa zama, hotunan da ake samu kuma fukafukan sun zama hazo. Me za a shuka, me za a ba su, kuma yaya za a saita kyamara?

Masanin_Tsuntsu:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da furanni kafin mashaya, wato robar da ake ratayewa a zuba musu ruwan sukari. Tsuntsun nan, wanda a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa, ya fi bin fure mai dogon wuya kamar bututu, ja ko ruwan lemo: Salvia, Fuchsia, Heliconia. Shuka su rukuni-rukuni, kuma ka haɗa iri-irin da ba sa fure lokaci guda, don kada lambun ya yi wata guda babu abinci. Kada ka fesa maganin ƙwari ko kaɗan. Ƙananan ƙwari su ne namansu, da su uwa ke ciyar da 'ya'yanta, da saƙar gizo-gizo kuma take ɗinke sheƙarta.

Ruwan mashaya: kofi 1 na farin sukari, kofi 4 na ruwa. Shi ke nan. Tafasa ruwan, narkar da sukarin, bar shi ya huce. Ban da zuma, domin tana saurin yin fumfuna da ke kama musu harshe. Ban da jan sukari, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana taruwa a jikinsu. Kala ma ba ta da amfani, jan robar mashayar ya isa.

Tunda babu firji, kada ka dama da yawa. Zuba abin da za su shanye a kwana biyu, idan ana zafi kuwa a canza kullum. Da ka ga ruwan ya yi gurɓi-gurɓi ko baƙin ɗigo ya fito a bakin ramin, ya lalace: zubar, wanke da ruwan zafi da ɗan buroshi. Mashayar da ba za a iya wankewa a kai a kai ba, gara a sauke ta, furannin sun wadatar.

Uwar_Furanni:
Ƙari kan bayanin Malam: namiji ɗaya yakan mamaye mashaya ya hana kowa sha. Rataya uku, a wuraren da ba zai iya hango su duka daga reshe guda ba, kuma a inuwa. Tururuwa kuwa, sa ɗan kofi mai ruwa a jikin igiyar da ke sama. Kada a shafa mai ko man shafawa, yana ɓata musu gashi. Idan ka tarar da mashaya wayam da safe, jemagu masu shan zaƙin fure ne, sai ka riƙa shigar da ita da magariba ka fito da ita kafin gari ya waye, don da asuba suka fi jin yunwa.

Mai_Kyamara:
Hazon nan ba laifin kyamararka ba ne. Ƙananan nau'o'in suna kaɗa fiffike sau 50 zuwa 80 a daƙiƙa ɗaya. Hanya biyu ce.

Da hasken rana: saurin shata (marfin cikin kyamara da ke buɗewa ya rufe idan an danna) 1/2000 zuwa 1/4000 na daƙiƙa, ƙofar haske f/5.6, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) ya hau 1600 ko fiye, kada ka ji tsoronsa. Gilashin gaban kyamara (lens) mai 300mm ko 400mm, kyamara a kan ƙafa uku. Bakin fiffiken zai ɗan yi hazo duk da haka, ni a ganina ma ya fi kyau, don yana nuna motsi.

Idan kana son kowane gashi ya fito tsaf, sai filashi. A nan ba shata ke tsayar da motsin ba, gajartar walƙiyar ce. Sa filashi uku ko huɗu, kowanne a rage ƙarfinsa zuwa 1/16, biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a sama, ɗaya yana haska allon da ka kafa a bayan mashayar. Shata 1/200, f/16, ISO 200. Sharaɗinsa inuwa: gwada hoto ba filashi, ya kamata ya fito kusan baƙi. In hasken rana ya shigo, za ka ga fiffike biyu-biyu kamar inuwa ta bi shi.

Toshe ramukan mashayar da salatif ka bar ɗaya, ka saita gani a kansa. Tsuntsun yana sha, ya ja baya kaɗan ya tsaya cak a iska, ya sake komawa. Wannan ja da bayan shi ne lokacin dannawa, mashayar ba za ta shiga hoton ba.

Sheƙin maƙogwaron namiji kuma ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske. Daga gefe baƙi ƙirin za ka gan shi, da ya juyo ya fuskance ka haske na bayanka, sai ya kama kamar garwashi. Don haka ka ba rana baya.

Mai_Lambun_Tsauni:
Allah ya saka da alheri. Batirin filashi fa, tunda ba wuta?

Mai_Kyamara:
A 1/16 ba sa cin batir sosai. Tanadi saiti biyu na masu caji ga kowane filashi, da ƙaramin faifan sola da zai cika ɗaya yayin da ɗayan ke aiki. Ka kuma bar kayan a tsaye kusa da mashayar kwana ɗaya ko biyu kafin ka fara, su saba da ganinsu.