Wa ya taɓa kai ƙara kan mutuwar mace wajen haihuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta rasu wajen haihuwa. Jini ya ɓalle mata, asibitin babu jinin ƙari, likita kuma sai da gari ya waye ya iso. An ce mana dokar ƙasa da ƙasa ta kare haƙƙin ɗan Adam ta shafi irin wannan. Wanda ya taɓa bin hanyar, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ungozoma: Allah ya jiƙanta, yaya. Ku nemi kwafin fayil ɗinta tun yanzu. An taɓa kira na shaida gaban kwamitin bincike, tambayar duk ta lokaci ce: ƙarfe nawa ta iso, yaushe aka auna ta, yaushe aka kira likita. Abin da ba a rubuta ba, kamar ba a yi ba ne.

Lauya: Gaskiyar Malama ce. Na tsaya wa wani miji, kuma shari'ar Alyne da Silva Pimentel na kafa hujja da ita. 'Yar Brazil ce, ta rasu a 2002 da cikin wata shida. Da aka mayar da ita wani asibiti, ba a haɗa ta da takardunta ba. A 2011 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da CEDAW, wato yarjejeniyar kawar da wariya ga mata, ya ɗora wa gwamnati laifi, duk da cewa asibitin farko na kuɗi ne, domin sa ido a kansa aikinta ne. Amma fa kwamitin ba ya sauraron ka sai ka bi kotunan ƙasarka, ko an ja shari'ar fiye da ƙima, kuma sai ƙasar ta amince da ƙarin yarjejeniyar 1999 da ta ba mutane damar kai ƙara gabansa. Shari'armu ba ta kai can ba. Amma ambaton sashe na 12 na CEDAW, wanda ya shafi lafiyar mata, ya sa alƙali ya daina kallon abin a matsayin sakacin ma'aikaciya ɗaya.

Wani miji: Barista, ni na janye. Dangi suka ce kwananta ne ya ƙare, lauyoyin asibiti kuma suna ta neman ɗage zama. Ko mahaifiyar Alyne ai sai 2014 aka biya ta diyya.

Ma'aikaciyar ƙungiya: Mu ba mu je kotu ba. Mun tattara labaran iyalai, muka kai wa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tare da ƙudurin 2009 na Majalisar Ɗinkin Duniya kan mutuwar mata wajen haihuwa. Diyya babu, amma an sa likitan dare a ɗakin haihuwar.

Mai tambaya: Na gode. Barista, idan suka hana mu fayil ɗin fa?

Lauya: Ku nema a rubuce, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kotu na iya tilasta musu.