Ƙaura zuwa jihar masu ra'ayin riƙau a Amurka: me ake dubawa kafin a ɗaure kaya?

Baban Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune a Niyu Yok, yara uku, babbar tana aji biyar. Siyasa ta yi zafi, ta shiga har cikin aji, muna so mu koma inda iyaye ke da ta cewa a kan abin da ake koya wa 'ya'yansu. Ana ta ce mana Teksas, Tenesi, Filorida, wasu ma Aidaho. Ni ta intanet nake aiki, maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce. Ta ina za mu fara?

Malam Na-Gefe:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara ajiye taswirar zaɓen nan mai ja (jihohin Rifablikan) da shuɗi (na Dimokurat), ita ke yaudarar mutane. Ba jiha za ka zauna ba, unguwa za ka zauna. Teksas ta 'yan Rifablikan ce, amma Austin da Houston da Dallas Dimokurat suke zaɓa. Haka Nashville a Tenesi. Sai ka gangara kudu da ita zuwa gundumar Williamson, inda garin Franklin yake, kafin ka tarar da masu riƙau, kuma gidajen can tsada gare su.

Abin da ya dame ka, wato aji, yawancinsa a hannun hukumar makarantun yanki yake, mambobinta kuwa zaɓensu ake yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa sunan gari shi ne sunan yankin makaranta. Ba haka ba ne. Titi ɗaya na iya raba gida biyu, kowanne da makarantarsa. Kada ka yarda da abin da dillali ya rubuta a talla. Ɗauki adireshin gidan ka saka a shafin hukumar da kanka. Sannan ka kalli bidiyon zamansu guda biyu ko uku, yawancinsu suna ɗorawa a intanet. A nan za ka ji a kan me ake faɗa: littattafai ne, ko ƙarancin malamai, ko shirin sake shata iyaka. Wannan na ƙarshen shi ne mugu, domin a garin da ke bunƙasa da sauri ana iya ɗauke unguwarku a mayar da ita wata makaranta bayan kun saya.

Wani abu kuma: a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayan iyayen gundumar Montgomery ta jihar Maryland, cikinsu har da Musulmi, waɗanda suka nemi a bar su su janye 'ya'yansu daga darussan wasu littattafai saboda addini. Hukuncin ya shafi ƙasar baki ɗaya, har inda kake zaune yanzu. Ka gwada wannan ƙofar tukuna, ƙaura ba arha ba ce.

Mai Lissafi:
Bari in taɓa aljihu, tunda shi ke mayar da mutane inda suka fito. Gaskiya ne Teksas da Filorida da Tenesi ba sa karɓar harajin albashi. Amma gwamnati ba ta yafe kuɗinta, ƙofa kawai take sauyawa.

A Teksas ƙofar ita ce harajin gida. A sabbin unguwannin bayan gari, musamman kewayen Houston, akwai ƙarin harajin da ake kira MUD, na biyan bashin da aka ci aka ja ruwa da magudanai. Idan aka haɗa, wasu wuraren sukan haura kashi 3 cikin ɗari na darajar gida a shekara. Gidan dala 400,000 ke nan dala 12,000 kafin rangwame. Rangwamen gidan zama kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka cike takarda a ofishin ƙiyasta darajar gidaje na gundumar. Tarkon sabon gini: shekarar farko akan lissafa harajin a kan fili kawai, shekara ta biyu a lissafa da ginin, sai kuɗin da banki ke cira duk wata ya yi tsalle. A Tenesi harajin saye ne, na jiha kashi 7, in an haɗa da na ƙaramar hukuma yakan wuce 9. A Filorida inshorar gida ce. Ka nemi farashinta a rubuce kafin ka sa hannu, kuma ka sani ba ta ɗaukar ambaliya, wannan daban ake saya.

Abin da ya fi shafarka, Malam: idan kamfaninka a Niyu Yok yake, jihar na iya ci gaba da cire harajinta ko kana Teksas, matuƙar don jin daɗinka kake aiki daga gida, ba kamfanin ya wajabta ba. Ka tambayi masanin haraji wannan kafin komai, in ba haka ba ka bar gida amma harajin ya bi ka.

Hajiya Umma:
Malamai sun yi bayani, amma akwai abin da ba a so a faɗa. Riƙau iri-iri ne. Wanda kuka yi tarayya da shi a kan tarbiyya ba lallai ne ya yi murnar ganin masallaci a unguwarsa ba. A Murfreesboro ta Tenesi an yi ta shari'a tun 2010 a kan ginin masallaci, sai 2012 aka buɗe shi bayan kotun tarayya ta sa baki. Don haka ka auna nisan gida zuwa masallaci ko coci da makarantar addini ta yara da agogo, ba da taswira ba, kuma a lokacin cunkoso. Arewacin Dallas, wajen Richardson da Plano, akwai tsohuwar al'ummar Musulmi da makarantunsu; ƙauyen Aidaho ba za ka sami haka ba.

Ita kuma uwargida, lasisinta na Niyu Yok ba ya aiki kai tsaye a can, domin jihar ba ta cikin yarjejeniyar lasisin jinya ta haɗin gwiwa da Teksas, Filorida, Tenesi da Aidaho ke ciki. Ta nemi na sabuwar jihar tun watanni kafin tafiya, tantancewa da zanen yatsa na cin lokaci. In kuma ana sa ran ƙarin haihuwa, a duba asibiti mafi kusa mai ɗakin haihuwa. Asibitin garin Sandpoint a Aidaho ya rufe nasa a 2023. Sannan Teksas da Filorida da Tenesi ba su faɗaɗa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba, aiki in ya tsaya manya na iya rasa inshorar lafiya.

Baban Yara Uku:
Allah ya saka da alheri. To tallafin kuɗin makarantar kuɗi da ake ta magana fa? Kuma mu saya ne ko haya?

Malam Na-Gefe:
Filorida ta buɗe nata ga kowa a 2023. Teksas ta sa hannu a 2025, kimanin dala 10,000 ga yaro, farawa daga zangon 2026. Amma kuɗin da aka ware yana da iyaka, kuma ba kowace makaranta ke karɓa ba, don haka ka kira makarantar da kake so ka tambaya kafin ka sa shi a lissafi.

Haya, Malam, shekara guda cif. Ku je ku ga wurin a watan Agusta, ba a sanyin Maris ba. Ku kama hayar a cikin yankin makarantar da za ku iya sayen gida, don kada yara su sauya makaranta sau biyu. In Teksas ce, kwana 30 gare ka ka yi wa mota rajista, 90 ka sauya lasisin tuƙi.