Wane littafi ne ya fahimtar da ku abin da ke faruwa a kasuwarmu?

Malamin sakandare, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ɗalibata ta tambaye ni: me ya haɗa tashin dala da tiyar geron da aka noma a Gwadabawa? Na ba ta amsa, amma ni kaina ban gamsu ba. Ga kuma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 da ya sa jiharmu ta Sakkwato a gaba wajen talauci, kusan kashi 91 cikin 100. Don Allah kowa ya faɗi littafin da ya karanta da kansa, da abin da ya haska masa a rayuwarsa.

Ɗan gidan masu fata:
Wa alaikumus salam Malam. Na tashi ina ganin mahaifina yana barbaɗa wa fatun jar akuya gishiri, a ɗaure su, a loda zuwa Kano. Fatar nan tamu ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can ayari ke kai ta. Sai da na karanta *Kicking Away the Ladder* na Ha-Joon Chang, wanda ya fito a 2002, na gane ciwon. Ya nuna Ingila da Amurka sun daɗe suna kare masana'antunsu da haraji mai nauyi, Ingila har ta taɓa hana fitar da gashin tumaki ɗanye don masaƙanta su samu abin yi. Da suka yi ƙarfi ne suka fara yi wa saura wa'azin buɗe kasuwa. Ranar da na gama shi na tsaya gaban wani shago ina juya takalmin fata ɗan waje, kuɗinsa ya fi na fatu goma. Har yau abin yana ci mini rai.

Dattijo mai ritaya, Mabera:
Ɗana, mu a jikinmu muka karanta. Ina aikin gwamnati aka kawo SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki, a 1986, zamanin Babangida. Albashin da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ba ya wuce sati biyu, na sayar da babur ɗina. A shekarar Dakta Yusufu Bala Usman ya fitar da *Nigeria Against the IMF*, muna karɓa hannu da hannu. Bayan shekara goma sha shida Joseph Stiglitz, wanda ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya soki irin sharuɗɗan da IMF, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ya gindaya wa ƙasashe a *Globalization and Its Discontents*. Malam, ka fara ba yara na Bala.

Uwar adashi, Gidan Igwai:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni nawa na cikin gida ne. Mu goma sha biyu, masu ƙuli-ƙuli da awara, mun karɓi rance a wata ƙungiya, ana biya duk sati. Mun ji labarin Muhammad Yunus na Bangladash da ya fara da ranta wa mutum 42 dala 27, muka ɗauka mun rabu da wahala. Wata uku ana tafiya lafiya, sai damina ta kawo zazzaɓi. Wata cikinmu yaranta biyu suka kwanta, jarin ya tafi a ƙarin ruwa da allura, ta sayar da tukunyar suyarta ta biya bashi. Ƙanwata da ke Jami'ar Danfodiyo ce ta riƙa fassara mini *Poor Economics* na Banerjee da Duflo bayan isha'i. Sun gano ƙaramin rance yana taimakawa kaɗan, amma ba ya fitar da yawancin mutane daga talauci, kuma ciwo ɗaya kan rusa gida. Yanzu a adashinmu muna ware kuɗin rashin lafiya kafin kowa ya kwasa.

Mai albasa, Illela:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma Malam mai fata, ban yarda da kai duka ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Ina kallon Birnin Ƙonni da idona, albasa tana ruɓa cikin mota har wari ya kori direba. Rufe kasuwa talaka yake fara kashewa. Batun gero kuwa, Malam, taki da fetur duk dala suke bi, kuma idan naira ta faɗi mai sefa ya fi ɗan gari ƙarfin saye. Wa zai juya mana littattafan nan zuwa Hausa?

Ɗan gidan masu fata:
Gaskiyarka Alhaji. Shi ma Chang bai ce a toshe hanya ba, cewa ya yi a raini masana'anta har ta tsaya da ƙafarta.

Ɗalibin zaure, kusa da Hubbare:
Kada a manta da na gida. A *Usulus Siyasa* Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, manoma da maƙera da marina da maɗinka, a samar da su a kowane gari. A gaban malaminmu na karanta shi.

Malamin sakandare:
Na gode ƙwarai. Alhaji mai albasa, ko za ka zo ajina ranar Laraba ka ba yarinyar amsarta da bakinka? Baba, idan na Bala yana nan wurinka, zan zo aro bayan la'asar.